Akwatin Nagane Mai Awo Huɗu

Ni aski nake yi, ba lissafi ba, don haka duk wanda ya ga gyara a bayanina ya je ya sami Malama, ita ce mai lissafin. Abin da idona ya gani shi zan faɗa, kuma na gani sarai, domin shagona yana kallon shagon Nagane kafinta, titi ne kawai ya raba mu.

Nagane ba sunansa na gaskiya ba ne, mu muka laƙaba masa. Kowa ya fara yi masa bayani, kafin ya kai rabi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na gane, na gane!" Da haka ya taɓa yi wa wani bawan Allah gado mai ƙafa biyar. Hannunsa kam yana da kyau, ba zan ci zalinsa ba. Kunne ne ba shi da shi.

A bayan shagonsa akwai wani ɗaki mai ƙatuwar taga, rana na shiga tun safe har la'asar. Nagane ya cika shi maƙil da guntayen katako, da tsofaffin ƙofofi, da ƙafafun kujerun da ba a san inda sauran jikinsu yake ba, ya sa masa suna ɗakin bincike. Matarsa kuwa, Maman Biyu, tela ce. Shekara goma sha ɗaya tana ɗinki a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, inda babu taga ko ta leƙe. Idonta ya fara gajiya. In za ta zura zare a allura sai ta fito bakin ƙofa ta tare duk mai wucewa. Ni kaina na zura mata ya fi sau ɗari, har da kumfa a hannuna. Likitan ido ya gaya mata ta nemi wuri mai haske ko ta bar ɗinki. Ta roƙi mijinta ɗakin nan, ya ce ya gane, aka shekara biyu ko tsinke bai ɗauke ba. Abin yana ba ni haushi, wallahi.

Wata ranar Litinin ƙanwarta ta zo, Malama, mai koyar da lissafi a makarantar 'yan mata. Suna zaune a bencin ƙofar shago, ina jiyo su. Maman Biyu ta sake tayar da maganar ɗaki.

"Ina zan kai kayan?" in ji Nagane. "Duniyar nan kaf awo uku gare ta: tsawo, faɗi, zurfi. Ni kafinta ne, na auna. Duka ukun na cika su."

Malama ta yi dariya. "Yaya, ai masu lissafi suna lissafa na huɗu."

"Na huɗun me?"

Ta karɓi tef ɗin awo daga wuyan yayarta, ta naɗe shi ya zama zobe a kan benci, ta ajiye maɓallin riga a tsakiya. Ta ce masa ya fitar da maɓallin da yatsa, amma ba ɗagawa, ba taɓa tef. Ya tura dama, ya tura hagu, ya tura gaba da baya, ko'ina tef. Sai ta sa yatsu biyu ta ɗaga maɓallin sama ta ajiye shi a waje.

"Ka gani? Shi maɓalli da bai san komai ba sai shimfiɗar benci, a wurinsa wannan ɗaki ne a kulle. Mu da muka san sama, ba ma ganinsa a kulle. To haka mu ma. Da akwai wani gefe na huɗu, wanda ba gaba ba ne ba baya ba, ba dama ba hagu, ba sama ba ƙasa, da sai a fitar da mutum daga akwati a rufe ba a buɗe shi ba. Kuma akwatin da ya miƙe ta can zai ci kayan da..."

"Na gane, na gane! Zana min."

Ta zana masa a bayan takarda: ƙaramin akwati cikin babban akwati, an haɗa kusurwoyinsu da layuka. Ta buɗe baki za ta ƙara bayani, ya riga ya warce takardar ya miƙe tsaye.

"Maman Biyu, ki ba ni zuwa Asabar. Zan ƙera akwati ɗaya tak da zai haɗiye duk abin da ke ɗakin nan, ya rage wuri. Malaman jami'a suna zana shi a takarda, ni zan buga shi da ƙusa."

"In bai haɗiye ba fa?"

"Ki ɗauki ɗakin, ki haɗa da ni."

"Ɗakin dai ya ishe ni," in ji ta. Ta waigo ta ƙwala min kira, "Mai aski, ka ji ko?" Na ce na ji, kuma wanda nake aske wa ma ya ji.

Ranar Laraba ya fito da shi. Babban akwati ne, da ƙarami a tsakiyarsa, ga falankai a karkace sun haɗa su. Muka taru: ni, da Dogo mai walda da ke kusa da ni, da Baba Direba, wani tsohon direban babbar mota da ya ajiye aiki ya koma zaman benci da gyara wa kowa magana.

Nagane ya sa aka kawo tsohuwar kujera daga ɗakin bincike. Ta ƙi shiga. Aka kawo ƙafarta kaɗai. Ta shiga rabi ta tsaya.

"Wannan ai bai kai akwatin banza cin kaya ba," in ji Dogo.

"Idonka awo uku ne, shi ya sa. Wurin yana nan, ta wani gefe yake."

Baba Direba ya ce shi sai ya gwada da kansa. Ya cire takalminsa na dama ya jefa ciki. Takalmi ya zame ta kan falankin da ke karkace, ya faɗa wani saƙo, muka ji ƙwal. Baba ya zura hannu har kafaɗa, bai taɓo shi ba. Aka juya akwati, aka girgiza, ana jin takalmi yana yawo amma ya ƙi fitowa.

Nagane ya buga tsalle. "Kun gani! Ya tafi awo na huɗu!"

"To bi shi ka ɗauko min, ɗan nema. Da ƙafa ɗaya zan koma gida?"

"Baba, a tarihin unguwar nan takalminka ne na farko da ya je can. Godiya ya kamata ka yi."

Ana cikin haka Malama ta dawo daga makaranta. Ta kalli akwatin, ta zauna a ƙasa don dariya.

"Yaya, inuwa ka ƙera! In ka haska tocila a kan kejin tsuntsu daga sama, abin da ke faɗuwa a ƙasa ai ba keji ba ne, inuwarsa ce. Zanen nan inuwar akwatin ce kawai. Ka taɓa ganin wanda ya zuba kaya a cikin inuwa?"

"Ke ce ba ki faɗa ba."

"Yaushe ka bar ni na faɗa?"

Ya ce to ta kawo na gaskiyar. Ta ce na gaskiyar ba ya zanuwa, sai dai a warware shi. Ta ɗauko kwalin sabulu ta yanka gefunansa da almakashi, ta shimfiɗa shi a ƙasa, ya zama gidaje shida a manne, kamar alamar tarawa mai doguwar ƙafa. Ta ɗaga gefunan ta naɗe, ya koma kwali.

"Shi kuma mai awo huɗun, in ka warware shi, akwatuna takwas ne. Huɗu a jere bisa juna, huɗu a manne kewaye da ɗaya daga ciki. In an naɗe su ta gefe na huɗu sai su zama ɗaya. Amma fa, Yaya, a nan duniyar tamu babu..."

"Na gane! Hinji ne maganin, irin wanda ƙofa ke juyawa a kai. Malamai ba su san hinji ba."

Ta bi shi tana kira, ya shige shago ya kunna zarto.

Ranar Alhamis ya je wurin Dogo neman hinjin da ke lanƙwasawa ta gefe na huɗu. Ina tsaye a wurin, na bar mutum da rabin kai don kada labari ya wuce ni.

"Nuna min gefen da yatsa, in yi maka," in ji Dogo.

Nagane ya miƙa yatsa.

"Wannan gaba ne."

Ya karkata shi.

"Wannan shagon mai aski ne."

Ya ɗaga shi kaɗan, ya murguɗa hannu ta bayan kunne.

"Wannan kuma wayar lantarki ce. Kafinta, duk inda ka nuna akwai abu a wurin."

"Kai dai ka yi hinjin ya yi sako-sako, ya juya ko'ina. In ya juya ko'ina dole ya faɗa can."

Dogo ya ce shi ba ya gardama da mai ilimi. Ya haɗa masa hinji bakwai masu lilo kamar wuyan kaza.

Daga nan sai aikin katako. Akwatuna takwas manya, kowanne mutum zai iya tsugunawa a ciki, ba ƙaramin katako suke ci ba. Kwana biyu muna jin zarto da guduma. Muna ganinsa yana shiga ɗakin bincike yana fitowa da kaya a kai. Tsofaffin ƙofofi suka tafi, guntaye suka tafi, ƙafafun kujeru suka zama madogari. Har akwatin inuwa ya farfasa, Baba Direba ya sami takalminsa bayan ya kwana biyu yana yawo da silifas ɗin jikarsa. Ranar Juma'a da yamma katako ya ƙare, saura murfi ɗaya. Nagane ya faki idon matarsa ya ɗauke teburin da take yanka yadi a kai.

Ta fito da almakashi a hannu. Na ce yau akwai kallo. Amma ba ta ɗaga murya ba. Ta leƙa shago ta ga teburinta a ƙarƙashin zarto, ta wuce ta leƙa ɗakin bincike, ta daɗe tana kallo. Sai ta fito tana murmushi, ta ce masa, "Sannu da aiki, Baban Biyu." Ni dai murmushin nan bai kwanta min ba, amma shi ya ɗauka yabo ne.

Asabar da hantsi ya kafa abin a bakin titi, don ba zai shiga shago ba. Akwati ɗaya a ƙasa, na biyu a kansa, huɗu sun fito ta gefunan na biyun suna lilo a kan ƙafafun kujeru, saura biyu a ajiye za a ɗora sama. Mutane suka cika titi. Masu babura suka tsaya, mata suka leƙo ta tagogi, wani mai tura baro ya ajiye kayan mutane ya hau kai don ya gani da kyau.

Nagane ya hau tsani ya yi jawabi. Ya ce daga yau an daina gina sito. Ya ce gida mai ɗaki ɗaya zai ɗauki mutum talatin da kayansu. Ya ce shi zai shiga akwatin tsakiya ya ja igiyoyi daga ciki, mu kuma mu tura ta gefe huɗu lokaci guda, takwas su naɗe su zama ɗaya.

"Kai kuma ta ina za ka fito?" in ji Baba Direba. "Na tsakiyar nan in an ɗora na sama ba shi da ƙofa."

"Baba, tambayar awo uku kake yi. Za ku waiga ku gan ni zaune a kujerar mai aski."

Malama ta kutsa cikin mutane tana haki. "Yaya, don Allah ka saurare ni minti ɗaya."

"Auta, kishi ba naki ba ne. Zan ambaci sunanki in 'yan jarida sun zo."

Ya zura ƙafa ya tsuguna a ciki. Ya ce Dogo ya ɗora na sama ya buga ƙusa, inci huɗu, kada ya ji tausayi, don in akwai kafa ko kaɗan ƙarfin zai tsere. Dogo ya dube ni, na dube shi. Ya buga guda goma sha biyu. Sa'ar da aka yi tsofaffin ƙofofin duk huji ne, iska na shiga.

Murya ta fito daga ciki, "Ɗaya, biyu, uku, ku tura!"

Muka tura. Ni ta gabas, Dogo ta yamma, Baba Direba da mai baro ta sauran gefunan. Katako ya yi ƙara, ba abin da ya naɗe.

"Ta ina kuke turawa?"

"Ta ciki!"

"Ba ciki ba! Ta can!"

"Can ina?"

"Can ɗin da ba nan ba!"

Kowa ya tura ta inda ya ga dama. Nawa ya lanƙwashe sama ya doke ni a haɓa. Na Dogo ya juya gefe ya mari na mai baro. Ƙafar kujerar da ke riƙe da na Baba Direba ta zame, akwatin ya sauko daidai kan ƙafarsa ta dama, mai takalmin nan da ya sha wahala. Baba ya riƙe ƙafa yana tsalle yana kiran sunayen kakannin kafintoci. Hasumiyar ta yi tangaɗi, ta jingina da sandar lantarki, ta tsaya a karkace.

Duk muka waiga muka kalli kujerar shagona. Ba kowa a kai sai tawul.

"Ya naɗe?" in ji murya daga ciki, a hankali.

"Bai naɗe ba."

Aka ɗan jima. Rana ta take. Sai muka ji ƙwanƙwasa.

"Dogo. Ɗan buɗe, zan duba wani abu."

"A'a, malam, ka ce kada a bar kafa. Fito ta na huɗun, muna jira."

Titi ya fashe da dariya. Wata tsohuwa daga taga ta ce a ba shi hanya, ƙila ya fito ta cikin tukunyarta. Mai baro ya ce shi ya ga wani abu ya wuce fuu, ashe tattabara ce. Nagane ya ce ƙafarsa ta yi sanyi, wuyansa ya ƙage, kuma akwai wani abu mai ƙafafu da yawa yana tafiya a bayansa. Dogo ya ce bari ya ɗauko wutar walda ya yanka. Ihun da Nagane ya yi, na tabbata har awo na biyar an ji shi.

Aka shiga shago neman ƙarfen cire ƙusa, babu. Guduma, babu. Sai ga Maman Biyu ta fito da kujerarta, ta ajiye a inuwar hasumiyar, ta zauna, ta ɗora ƙarfen da gudumomi uku a cinyarta.

"Baban Biyu, kana ji na?"

"Ina ji, ranki ya daɗe."

"Yau wace rana?"

"Asabar."

"Akwatin ya haɗiye kayan?"

"Wato, in aka duba ta wani gefe..."

"Mutum ɗaya ya haɗiye, shi ma ya tsaya masa a wuya. Zan yi magana yanzu. In ka ce ka gane kafin in gama, zan shiga gida in ɗora girki, sai na sauke in dawo."

Ta gyara zama, ta fara.

"Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a lungu. Rigar da ke jikinka a can na ɗinka ta, da lalube. Ina tare mutane a titi su zura min zare kamar mai bara, ina jin kunya, ban taɓa gaya maka ba don ba ka taɓa bari na kai ƙarshen magana ba. Ba na son barin ɗinki, shi na iya, shi nake so. Kai kana neman gefen da ba wanda ya taɓa gani. Ni taga nake nema, tana nan bayan shagonka, kowa yana ganinta."

Ba wanda ya yi dariya. Ni kaina sai da na sunkuyar da kai, don na tuna sau nawa na yi mata tsiya a kan allurar nan.

"Na gama," in ji ta.

"Ɗakin naki ne," in ji akwati. "Sai dai kayan ciki..."

"Waɗanne kaya? Kana tsugune a cikinsu."

Sai a lokacin muka fahimci murmushin jiya. Muka ruga muka leƙa ta taga. Ɗakin bincike wayam, ba komai sai garin katako da hasken rana kwance a ƙasa. Da hannunsa ya kwashe shi tas ya mai da shi akwatuna.

Ta miƙa wa Dogo ƙarfen. Aka cire ƙusoshi, aka sauke na sama biyu. Nagane ya kasa miƙewa, sai da ni da Dogo muka kama shi ta hammata muka ɗaga shi sama muka dire a waje, gumi sharkaf, ga kyankyaso a kafaɗarsa.

"Ka ga maɓalli," in ji Malama. "Awo na uku ma ya isa, Yaya, in akwai masu ɗagawa."

Kafin la'asar mun share ɗaki, mun shigar da keken ɗinki gaban taga. Teburin aikin Nagane ya maye gurbin wanda ya yanka. Akwatuna huɗu suka zama ma'ajiyar yadi, uku suka koma shago. Na takwas Baba Direba ya ɗauke, ya ce diyyar ƙafarsa ce, yanzu a kansa yake zama.

Da jini ya dawo wa Nagane a ƙafa, baki ma ya dawo. Ya tsaya a ƙofar ɗakin, mu muna bayansa, ya gyara murya.

"Jama'a, in kun lura, ɗakin da ya cika yanzu ya ɗauki keke da teburi da mutum. Wa ya yi wannan? Ai dama shirin nawa..."

Maman Biyu ba ta ko waigo ba. Ta ɗauki allura ta ɗaga ta saitin taga, ta lashi bakin zare, ta zura. Sau ɗaya, ya wuce. Ta tsaya tana kallon zaren yana lilo a cikin haske, ta sa bayan hannu ta share ido, ta yi wata 'yar dariya.

Nagane ya tsaya da baki a buɗe, sauran jawabin ya maƙale. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, can ƙasa-ƙasa, yadda sai mu na kusa muka ji, "Na gane."

Shekara ashirin ina jin kalmar nan daga bakinsa. Ran nan ne kaɗai ban yi masa dariya ba.